Wasalin Da Ke Kan Zaren Gado: Yadda Masana Sinadarai Suka Ƙera Histon Da Hannunsu

A farkon shekarar 2006 mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani gwaji wanda bayaninsa bai fi a yi shi a numfashi biyu ba. Masu bincike a ƙarƙashin jagorancin Craig Peterson, na makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, suka tanadi kwalaben gwaji biyu. A cikin kowace akwai zaren DNA iri ɗaya, naɗe a jikin dunƙulen furotin goma sha biyu. A kwalba ta biyu kaɗai aka maƙala wani ɗan mitsitsin sinadari mai suna asetil a wuri guda tak a jikin iri ɗaya daga cikin furotin da ke kowane dunƙule. A ma'aunin da ake auna ƙwayoyin sinadari da shi, asetil yana ƙara nauyin 42 ne kacal, alhali dunƙule guda tare da zarensa ya kai kimanin 200,000.

Da aka zuba gishirin magnesiyam, zaren kwalba ta farko ya takure ya cure wuri guda, kamar yadda aka saba gani. Na kwalba ta biyu kuwa ya ƙi naɗuwa.

Zuba gishiri da auna curewar zare ba su ne wahalar aikin ba, an daɗe da iya su. Wahalar tana wajen samun abin da aka zuba a kwalba ta biyu. Babu dabbar da za a yanka a ciro shi daga jikinta tsantsa, babu kuma kamfanin da ke sayar da shi a lokacin. Dole sai da aka ƙera shi, amino asid ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ɗinke gutsattsarinsa da dabarar da masana sinadarai suka yi shekaru suna nema. Tambayar da gwajin ya taɓo an fara yin ta ne tun 1964, shekara 42 kafin nan.

Zare mai tsawon mita biyu

Da za a warware DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ta jikin mutum a miƙe shi, zai kai kusan mita biyu. Cibiyar ƙwayar da yake zaune a ciki kuwa, sai an jera irinta sama da ɗari kafin su cika milimita ɗaya. Duk telan da zare ya taɓa harɗe masa ya san maganin dogon zare a ƙaramin wuri: a naɗe shi a kwarkwaro. Kwarkwaron jiki shi ne furotin da ake kira histon.

Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, shi ya fara ware shi a 1884 daga jajayen ƙwayoyin jinin dinya, domin na tsuntsaye suna da cibiya, saɓanin na mutum. Shekara 90 bayan haka, a 1974, Roger Kornberg ya bayyana yadda tsarin yake, Ada da Donald Olins kuma suka nuna hotonsa a madubin lantarki, inda ya fito kamar 'ya'yan carbi a jikin zare. Kowane ɗan carbi histon takwas ne a haɗe: H2A, H2B, H3 da H4, biyu-biyu. DNA mai baƙaƙe 147 yana zagaye su kusan sau biyu. Wannan dunƙule shi ake kira nukliyosom, kuma akwai kimanin miliyan 30 a kowace ƙwayar halitta. Zaren gaba ɗaya da 'ya'yan carbinsa sunansa kuromatin.

A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond, a birnin Zurich na Suwizalan, suka fitar da cikakkiyar surar nukliyosom ta hanyar hasken eksire. Surar ta tabbatar da wani abu da aka daɗe ana zato: kowane histon yana da jela da ke leƙowa waje ta tsakanin naɗin zaren, tana lilo.

An daɗe ana yi wa histon kallon kayan ƙunshi, wato ganyen da ake naɗe goro da shi. Amma akwai abin da ya hana wasu sakin jiki da wannan fahimta. A ƙarshen shekarun 1960 aka kwatanta H4 na saniya da na waken fis, aka tarar cikin amino asid 102 da ke jere a jikinsa, biyu ne kawai suka bambanta. Halitta ba ta yin irin wannan tsantseni a kan abin da ba shi da wani aiki sai ƙunshi.

Baƙaƙe da wasulla

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ko Islamiyya ya san baƙaƙen nan uku, kaf da ta da ba. A yi musu wani wasali su zama kataba, ya rubuta. A canza wasalin su zama kutiba, an rubuta. A sake canzawa su zama kutub, littattafai. Baƙaƙen suna nan yadda suke, karatun ne ya sauya.

Haka lamarin jiki yake. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk DNA ɗinsu ɗaya, ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu umarnin haɗa furotin suna cikin kowace. Abin da ya bambanta su shi ne wace ƙwayar gado aka buɗe ake karantawa, wace aka rufe. Kuma wani ɓangare mai girma na wannan buɗewa da rufewa a jikin jelar histon ake rubuta shi.

Vincent Allfrey da Alfred Mirsky, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, su ne a 1964 suka nuna cewa ana maƙala wa histon asetil da metil bayan an gama haɗa shi, suka kuma kawo shawarar cewa asetil yana da hannu a buɗe ƙwayoyin gado. Dalilin yana da sauƙin ganewa. DNA cajinsa nagetif ne, amino asid ɗin da ake kira laisin, wanda ya cika jikin histon, cajinsa fozitif, don haka suna riƙe juna kamar maganaɗisu. Asetil idan ya hau laisin sai ya kashe cajin, riƙon ya yi sako-sako.

Maganar ta yi shekaru tana jiran hujja. A ƙarshen shekarun 1980 Michael Grunstein ya nuna a jikin yis cewa idan aka taɓa jelar histon, karatun wasu ƙwayoyin gado yana lalacewa. A 1996 ɗakin binciken David Allis ya ciro enzayim mai maƙala asetil daga wata ƙaramar halittar ruwa, Tetrahymena, aka ga ashe ɗan'uwan wani furotin ne na yis da aka riga aka sani da buɗe ƙwayoyin gado. A shekarar dai Stuart Schreiber na Harvard ya gano enzayim mai cire asetil. A 2000 Thomas Jenuwein a Biyana ya gano mai maƙala metil a laisin na 9 na H3, a 2004 kuma Yang Shi ya gano mai goge metil. Masana suka raɗa wa waɗannan furotin sunaye uku: marubuta, masu gogewa, da makaranta, wato masu gane alama su zauna a kanta.

Alamomin suka yi ta ƙaruwa: fosfet, metil ɗaya ko biyu ko uku a kan laisin guda, har da wani cikakken furotin mai amino asid 76, yubikwitin, da ake ratayawa a jikin histon. Wurin da alama ta sauka shi ne ma'anarta. Metil uku a laisin na 4 na H3 ana samunsa a bakin ƙwayoyin gado masu aiki, amma metil ukun nan a laisin na 9 ko na 27 alamar rufewa ce. A 2000 Brian Strahl da Allis suka ce wataƙila haɗuwar alamomin nan wani rubutu ne mai ƙa'ida da za a iya koyon karanta shi.

Ungulu a mahauta

Sai dai kusan duk hujjojin da ake da su na gani tare ne. An ga alama kaza a inda ƙwayar gado ke aiki. To, alamar ce ta buɗe ta, ko buɗewar ce ta jawo alamar? Kullum ana ganin ungulu a mahauta, amma ba ita ta yanka saniyar ba.

Ga misali. A 1992 Bryan Turner na Birmingham a Ingila ya ga cewa a jikin namijin ƙudan 'ya'yan itace, kuromosom ɗin X, wanda ke aiki ninki biyu don ya kamo na mace mai X biyu, cike yake da asetil a laisin na 16 na H4. Masana suna taƙaita sunan wurin da H4K16, domin K ita ce harafin laisin. Kyakkyawar shaida ce, amma ba ta faɗi abin da asetil ɗin yake yi da kansa ba.

Don a sani, ana bukatar nukliyosom iri biyu da ba su bambanta da komai ba sai alama ɗaya. A nan aka ci karo da bango. Histon da ake cirowa daga jinin kaza ko jikin ɗan maraƙi gauraye yake, kowace ƙwaya da nata tarin alamomi. Wanda ake sa bakteriya su haɗa, kamar na kwaɗon kudancin Afirka da Luger ta yi amfani da shi, fes yake fitowa babu alama ko ɗaya, domin bakteriyar ba ta da marubutan. Idan aka ce a zuba enzayim ya yi rubutun, sau da yawa sai ya rubuta a wuri uku ko huɗu, ko ya yi rabi ya tsaya. Masana gado sukan musanya laisin da wani amino asid, gulutamin, mai ɗan kama da laisin da asetil ya hau, amma kama da wane ba ta wane. A jikin mutum ma abin ya fi wuya, tunda ƙwayoyin gadon histon kofi-kofi ne masu yawa, ba a canza ɗaya a ga tasiri.

Hanya ɗaya ta rage: a gina furotin ɗin daga tushe, a sa alamar a inda ake so.

Tufka daga yatsan ƙafa

Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20. Emil Fischer ya haɗa biyu a 1901. Sai a 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin, sinadarin naƙuda mai amino asid tara, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1955. A wancan zamani kowane ƙari ɗaya sai an tsaya an tace an tsarkake abin da aka samu, ana asarar wani kaso a kowane mataki.

Bruce Merrifield, shi ma a Rockefeller kamar su Allfrey, ya kawo dabarar da ta sauya sana'ar a 1963. Mai tufka igiya yakan maƙale bakinta a babban yatsan ƙafarsa don hannuwansa su samu sakewa. Merrifield ya ɗaure amino asid na farko a jikin 'yan ƙananan duwatsun roba da ba sa narkewa. Sai a zuba na biyu da yawa, a bar shi ya kama, a wanke ragowar ta bi ruwa, sarƙar tana nan riƙe a jikin roba. Kowane amino asid yana zuwa da murfin kariya a bakinsa don kada ya kama inda ba a so. A cire murfin, a wanke, a zuba na gaba. In an gama sai a yanke sarƙar daga robar da asid mai ƙarfi. Ya samu Nobel a 1984. Alfanun dabarar ga mai binciken histon a fili yake: idan an zo gurbin laisin na 16, maimakon laisin tsura sai a zuba laisin da aka riga aka maƙala wa asetil.

Matsalar lissafi ce. A ce kowane mataki yana cin nasara kashi 99 cikin 100. Bayan mataki 50, kimanin kashi 60 ne na sarƙoƙin za su fito daidai. Bayan 135, tsawon H3 ke nan, abin da zai rage bai fi kashi 26 ba, kuma yana cakuɗe da sarƙoƙin da suka yi giɓin amino asid ɗaya ko biyu, masu kama da shi har ba a iya raba su cikin sauƙi. A aikace, iyakar abin da ake samu da tsabta ba ta cika wuce amino asid 50 ba. Histon mafi gajarta ya ninka haka.

Ɗinkin da ba ya barin tabo

A 1994, a Cibiyar Scripps da ke Kalifoniya, Philip Dawson da Tom Muir da Ian Clark-Lewis da Stephen Kent suka wallafa hanyar ɗinke guntayen sarƙa biyu a cikin ruwa, ba tare da murfin kariya ba. Sirrin yana ga farar wuta. Guntu na farko ana ƙare shi da wani haɗi mai farar wuta da ake kira tayo-esta. Na biyu ana fara shi da sistayin, amino asid mai ɗauke da farar wuta a gefensa. In suka haɗu, farar wutar sistayin ta kama bakin guntun farko, nan take haɗin ya zame da kansa ya koma irin mahaɗin da jiki ke yi. Bajamushe Theodor Wieland ya ga irin wannan zamewa tun 1953, amma su Kent ne suka mayar da ita kayan aiki, suka gwada ta da haɗa wani furotin na garkuwar jiki mai amino asid 72.

Muir, ɗan ƙasar Sikotland, ya koma Rockefeller, inda a 1998 shi da Philip Cole suka ƙara wani mataki. Me zai sa a wahala wajen haɗa dukkan furotin da hannu, alhali ɗan yanki ne ke ɗauke da alamar? Sai suka yi amfani da intayin, wani furotin mai ban mamaki da ke yanke kansa daga tsakiyar sarƙa ya ɗinke bakunan biyu. Da aka ɗan gurgunta shi, sai ya tsaya a rabin aiki ya bar tayo-esta a bakin furotin da bakteriya ta haɗa. Ke nan babban yanki daga bakteriya, ƙaramin yanki daga hannun masanin sinadarai.

Histon kamar don wannan aka yi shi, tunda yawancin alamominsa a jela suke. Amma sistayin ya yi ƙaranci a jikinsa: H4 ba shi da ko ɗaya, H3 kuwa ɗaya ko biyu ne, su ma can ciki. Maganin ya zo a 2001 daga Liang Yan da Dawson: a sa sistayin na aro a gurbin alanin, a yi ɗinkin, sannan a cire farar wutar, sistayin ya koma alanin kamar ba a taɓa wurin ba. A 2007 Qian Wan da Samuel Danishefsky suka kawo hanyar cirewa mai laushi da ba ta bukatar ƙarfe. A 2011 kuma ɗakin binciken Lei Liu a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin ya sauƙaƙa samar da tayo-esta, har ɗinke guntaye uku ko huɗu a jere ya zama aikin yau da kullum.

Bayan ɗinki sai gini. Ana haɗa histon huɗun a ruwan gishiri mai kauri, irin gishirin miya, su dunƙule su takwas. A zuba DNA, galibi wani jeri mai lamba 601 da Jonathan Widom ya zaɓo a 1998 saboda yadda yake zama daram a kan histon. Sai a riƙa rage gishirin sannu a hankali, zaren ya naɗe kansa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Da wannan hanya Michael Shogren-Knaak, a ɗakin binciken Peterson, ya haɗa jelar H4 mai amino asid 22 da asetil a na 16, ya ɗinke ta da ragowar da bakteriya ta samar. Sakamakon shi ne wanda aka buɗe wannan rahoto da shi. Surar 1997 ta riga ta nuna dalili: wannan yanki na jelar H4 yana miƙa hannu ya kama wani gurbi mai cajin nagetif a fuskar nukliyosom na maƙwabtaka. Asetil ɗaya ya isa ya raba musabahar. Abin da Turner ya gani a jikin ƙuda ya samu fassara.

Gwaji na biyu ya fi wuya. A 2002 masu binciken yis sun ga cewa in babu yubikwitin a jikin H2B, ba a samun metil a laisin na 79 na H3. Alama a wani histon tana juya alama a wani histon daban, amma ta yaya? Ko akwai 'yan aike a tsakani? Robert McGinty, ɗalibi a ɗakin Muir, ya haɗa H2B mai rataye da yubikwitin a laisin na 120, daga guntaye uku, da taimakon wani ɗan maƙali na wucin gadi da ake cirewa da haske. A 2008 suka ba da rahoto a mujallar Nature: a kwalbar da babu komai sai nukliyosom da enzayim Dot1L, marubucin wannan alama, da sinadarin da ke ba da metil, yubikwitin shi kaɗai ya zaburar da enzayim ɗin. Babu ɗan aike. A 2019 ƙungiyoyi da dama suka ɗauki hoton haɗuwar da madubin lantarki mai daskarar da samfur, aka ga Dot1L jingine da yubikwitin, an saita shi zuwa inda zai yi rubutu.

Hanyoyi da yawa zuwa kasuwa ɗaya

Ba kowane ɗakin bincike ke da masanin haɗa sarƙa ba. A 2007 Matthew Simon da Kevan Shokat a San Francisco suka kawo gajeriyar hanya: a sa bakteriya ta haɗa histon da sistayin a gurbin laisin da ake so, sannan a maƙala masa hannu mai metil ɗaya ko biyu ko uku. Abin da ke fitowa ya yi kama da laisin mai metil, sai dai akwai farar wuta a inda ya kamata a ga kabon. Hanyar tana da araha, tana ba da yawa, amma wasu makaranta suna gane jabu ne, riƙonsu ya yi rauni.

A Cambridge ta Ingila, Jason Chin da Heinz Neumann suka koya wa bakteriya sabon harafi. Suka ɗauko kayan aiki daga wata halitta mai fitar da iskar metan, suka sarrafa su har bakteriya ta riƙa saka laisin mai asetil a duk inda aka sa mata wata alamar tsayawa a cikin umarni. A 2009 suka samar da H3 mai asetil a laisin na 56, wurin da ke kusa da inda DNA ke shiga da fita daga dunƙulen. Suka tarar alamar ba ta hana zare curewa, amma tana sa bakin DNA ya riƙa ɗagawa yana komawa ninki bakwai fiye da da. Asetil iri ɗaya, wuri daban, aiki daban. A 2011 Jennifer Ottesen ta Jami'ar Jihar Ohio ta haɗa wannan H3 ɗin gaba ɗayansa da hannu. Tun kafin nan Ashraf Brik a Isra'ila ya ƙirƙiro wani laisin mai farar wuta ta wucin gadi da ya sauƙaƙa rataya yubikwitin.

Da kayan suka yawaita, sai gwada su ɗaya-ɗaya ya zama ɓata lokaci. Muir, wanda ya koma Princeton a 2011, ya sa wa kowane irin nukliyosom wata lamba ta musamman a jikin DNA ɗinsa, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa kafin su shiga garke. A zuba su duka a kwalba ɗaya, a saki enzayim, daga baya a karanta lambobin a ga waɗanda ya zaɓa. A 2017 suka gwada iri 115 a lokaci guda.

Daga kwalba zuwa gadon asibiti

A 2012 ƙungiyar Nada Jabado a Kanada da ta Suzanne Baker a asibitin St. Jude na Amurka suka gano wani abu a cikin wata muguwar sankara da ke kama gindin ƙwaƙwalwar yara, wadda galibi ba ta barin yaro ya cika shekara bayan an gano ta. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar, laisin na 27 na H3 ya rikiɗe ya zama metiyonin. Abin ɗaure kai shi ne, gurɓataccen histon ɗin ƙaramin kaso ne na duk H3 da ke cikin ƙwayar, amma metil uku na laisin na 27 ya ragu ƙwarai a ko'ina. A 2013 ɗakunan Allis da Muir suka haɗa hannu, suka yi amfani da jeloli da nukliyosom na ƙira, har da wata jela mai maƙalewa a jikin abin da ta taɓa in an haska ta. Suka nuna cewa metiyonin ɗin yana shiga bakin enzayim EZH2, marubucin wannan alama, ya toshe shi.

Dot1L ɗin da McGinty ya yi aiki a kai shi ma yana da hannu a wata sankarar jini da ta fi kama jarirai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat, mai hana goge asetil, a 2006, da tazemetostat, mai toshe EZH2, a 2020. Nukliyosom na ƙira yanzu yana cikin kayan da ake tantance irin waɗannan magunguna da su.

Rubutun histon bai tsaya ga mutum ba. Ƙwayar cutar maleriya, wadda Nijeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya, tana da ƙwayoyin gado kimanin 60 da ake kira var, kowace tana ɗinka mata riga daban da take sa wa jan ƙwayar jinin da ta shiga. Guda ɗaya take buɗewa a lokaci guda, sauran ta rufe su da metil uku a laisin na 9 na H3. In garkuwar jiki ta gane rigar, sai ta sauya wata. Wannan na cikin dalilan da ke sa yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro a bana, ya sake yi baɗi.

Iyakar kwalba

Masu wannan sana'a ba sa ɓoye cewa kwalba ba jiki ba ce. Curarren zaren da asetil ya hana naɗuwa a 2006, mai kaurin nanomita 30, a kwalba yana fitowa tsaf, amma hotunan da ɗakin Clodagh O'Shea ya ɗauka a cikin ƙwayoyin halitta a 2017 sun nuna zare mai sassauci, mara tsari ɗaya, kaurinsa daga nanomita 5 zuwa 24. A jiki kuma alamomi ba sa zama. Ana rubutawa ana gogewa cikin mintuna. Wurare goma kacal masu alama ko babu suna ba da haɗi 1,024, ga shi wuraren da aka sani sun fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa har yau masana ke muhawara ko rubutun nan yana da tsayayyar ƙa'ida, ko kuwa ma'anar kowace alama tana bin abin da ke kewaye da ita.

Amsar da ake nema tana zuwa ne ta ɓangare biyu. A 2013 ɗakin Jürg Müller a Jamus ya musanya laisin na 27 a dukkan kofin H3 na wasu ƙwayoyin jikin ƙuda, ƙwayoyin gadon da ya kamata su kasance a rufe suka buɗe. A 2015 kuma Yael David, a ɗakin Muir, ta yi ɗinkin histon a cikin cibiyar ƙwayar halitta kanta, da intayin da aka raba biyu: rabi a jikin histon da ke zaune a kan DNA, rabi a jikin guntun da aka haɗa da hannu. Masana gado suna cire alama su ga abin da zai ɓace, masana sinadarai suna sa ta su ga abin da zai bayyana.

Allfrey ya rasu a 2002, shekara huɗu kafin gwajin kwalabe biyu. Allis, wanda ya raba kyautar Lasker da Grunstein a 2018, ya rasu a Janairun 2023. Abin da suka hango ba a iya tabbatar da shi ta kallo kaɗai. Malamin da ke son ɗalibi ya gane aikin wasali yakan rubuta masa baƙaƙe iri ɗaya sau biyu, ya yi wa ɗaya wasali ya bar ɗaya, ya ce karanta. Sai da aka shafe shekaru arba'in ana gyara alƙalami da tawada kafin a iya yi wa histon irin wannan rubutu, kuma yawancin alamomin da aka gano a jikinsa har yanzu suna layi, ba a kai ga rubuta su sau biyu ba.